JI YA KORI GANI: Bayani A Kan Katin Sauti Da Sautin Kewaye Na Hedifon

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan magana gaskiya ce a kasuwar dawaki da kasuwar tufafi, amma akwai kasuwa guda wadda a cikinta ji ne ya kamata ya kori gani, ita ce kasuwar kayan sauti. A can ido ba ya ba da shaida, kome kyan kwali, kome yawan rubutun da aka yi a bayansa. Kunne shi ne alƙali, shi ne kuma muhuti.

Mutanen birnin Kano sun daɗe suna sauraron murya daga cikin akwati. Cikin shekarun 1940 aka ja waya aka rataya akwatunan rediyo, mutum ba shi da zaɓi sai abin da tasha ta aiko masa. Ga kuma garmaho da faya-fayansa, sa'an nan rediyo mai batir ya biyo baya, kaset ya zo ya ci zamaninsa ya wuce. Yau kuwa malamin makaranta da akawun ofis kusan kowa yana da kwamfuta ko wayar hannu, da ita ya ke sauraron karatu da labarai da waƙa, da ita ya ke kallon fim, 'ya'yansa kuma su yi wasannin kwamfuta. Da ya ke gidajen cikin birni a manne su ke da juna, katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, mutane da yawa sun koma ga hedifon, watau 'yan lasifikun nan biyu da a ke kifawa a kunne, don kada a dami kowa.

To, a nan tambaya ta taso. Wanda ya fita bayan ganuwa ya je kantunan Titin Beirut, ko kasuwar waya ta Farm Centre, zai tarar da kwalaye iri iri, wani an rubuta masa 5.1, wani 7.1, wani an ce katin sauti ne wanda zai sa ka ji kamar kana tsakiyar fili abin yana kewaye da kai. Kuɗinsu kuwa ya bambanta nesa ba kusa ba, wani bai wuce kuɗin cefane ba, wani ya haye albashin wata. Wanne ne na gaskiya? Lalle sai an sayi kati dabam, ko wanda ke cikin kwamfuta ya isa? Amsar a taƙaice ita ce, sautin kewaye na hedifon lissafi ne da a ke yi don a kwaikwayi kunnen mutum. Tun da kuwa kunnen kowa dabam ya ke, tsadar kati ba ta yanke hukunci, ba kuma mai iya zaɓar wa wani. Amma kafin mu kai nan, sai mu fara daga tushe.

YADDA KUNNE KE GANE WURI

Ka tsaya cikin Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ka rufe idonka. Ba za ka ga kome ba, amma za ka san masu ciniki suna dama da kai, mai tallan fura tana bayanka, mai kura kuma yana tahowa ta gabanka yana neman hanya. Haka wanda ya bi ta marinar Ƙofar Mata, tun bai ga 'yan bugu ba zai nuna maka da yatsa ɗakin da ƙarar ta ke fitowa. Makafi kuwa sun fi kowa ƙwarewa a wannan, su kan ratsa lungunan birni da sanda da kunne, su san inda katanga ta ƙare da inda hanya ta buɗe tun ba su kai ba. Kunnuwa biyu rak gare mu, ƙaƙa a ke gane gaba da baya da sama da ƙasa da su?

Alamu biyar ne ƙwaƙwalwa ke dogara da su. Ta farko lokaci. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 cikin sakan ɗaya in iska ba ta yi zafi ƙwarai ba, ya kan ɗan fi haka sauri a zafin bazara. In aka buga ganga a damanka, ƙarar za ta isa kunnen dama kafin ta zagaya kai ta isa na hagu. Tazarar ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na sakan ba, amma duk da haka ƙwaƙwalwa tana auna ta. Alama ta biyu ƙarfi. Kai ya kan tare sauti kamar yadda katanga ke tare rana, sai kunnen da ke ɗaya gefen ya zauna cikin inuwa. Siririn sauti irin na algaita shi kai ya fi tarewa, mai kauri irin na tambari kuwa zagayewa ya ke yi kamar ruwa ya tarar da dutse. Wani masani na Ingila, Lord Rayleigh, shi ya bayyana yadda alamun nan biyu ke taimakon juna a shekarar 1907.

Amma waɗannan biyu dama da hagu kaɗai su ke nunawa. Abin da ke gabanka sak da abin da ke bayanka sak, lokaci ɗaya za su isa kunnuwan, da ƙarfi ɗaya. A nan alama ta uku ke shigowa, watau fatar kunne ta waje da lanƙwashe-lanƙwashenta. Ba ado kaɗai ba ce. Sautin da ya zo ta gaba, da wanda ya zo ta ƙeya, da wanda ya sauko daga sama, ko wanne da yadda ya ke karo da waɗannan lanƙwasa kafin ya faɗa rami, ta ƙara wa wani sashensa ƙarfi ta rage wa wani. Tun mutum yana goye ƙwaƙwalwarsa ke koyon wannan canji har ta haddace shi. Alama ta huɗu amsa-kuwwa. Murya a cikin soro mai azara da kaurin bango dabam ta ke da murya a ɗakin kwano, dabam kuma da murya a filin Idi, da haka mu ke gane nisa da girman wuri. Ta biyar kuwa juya kai. In ka yi shakkar inda kira ya fito, ba ka sanin sa'ad da za ka ɗan karkata, nan take shakka ta gushe. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyar, gama duk cinikin a kansu ya ke.

MENE NE KATIN SAUTI?

Kwamfuta ba ta san murya ba, lamba kaɗai ta sani. A faifan CD, wanda ya fito a 1982, a kan auna sauti sau 44,100 cikin ko wane sakan a rubuta shi da lambobi. Katin sauti shi ne tafinta tsakanin lambobin nan da kunne, aikinsa kuwa uku ne. Ya kan juya lamba ta zama lantarki mai kaɗawa, ya ƙara wa lantarkin ƙarfi yadda zai iya motsa lasifika, sa'an nan in an yi magana a makirfo ya juya muryar ta koma lamba.

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 ba ta da wata murya sai ɗan kuka kamar na gyare. A 1987 wani kamfani na Kanada ya fito da kati mai suna AdLib, a 1989 kuma kamfanin Creative na Singafo ya kawo Sound Blaster, wanda ya mamaye kasuwa har sunansa ya zama kamar sunan abin. A zamanin nan wanda bai sayi kati ba kwamfutarsa kusan bebiya ce. Amma kamfanin Intel ya fito da ƙa'idar AC'97 a 1997, ya bi ta da wadda ta fi ta a 2004, sai masu ƙira su ka riƙa dasa ɗan ƙaramin katin a jikin babban allon kwamfuta tun daga masana'anta, galibi ƙirar kamfanin Realtek na Taiwan. Sabo da haka yau ba wanda ke sayen kwamfuta ba katin sauti. Tambaya ita ce ko akwai bukatar a yi masa kishiya.

Iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne wanda aka haifi kwamfuta da shi. Ba ka ƙara ko kwabo a kansa, ga hedifon na yau da kullum kuwa ya kan wadatar. Aibinsa shi ne yana zaune cikin cunkoson sauran kayan lantarki, wani lokaci ya kan kwaso hayaniyarsu, ka ji wani siririn zuu a kunne, musamman in ka motsa linzamin kwamfuta. Na biyu shi ne wanda a ke buɗe akwatin kwamfutar tebur a soka, kamar Sound Blaster Z na 2012 da dangin Xonar na kamfanin Asus. Wannan yana da ƙarfin tura sauti da kafofi masu yawa, amma ba ya shiga kwamfutar tafi-da-gidanka, yana kuma dogara da 'yar manhajar da ke haɗa shi da Windows, wadda kamfani ya kan daina sabuntawa in kati ya tsufa. Na uku shi ne na waje, mai shiga kafar USB, tun daga ɗan mitsitsi kamar ɗan yatsa har zuwa akwati sosai irin Sennheiser GSX 1000 na 2016. Shi ya fi dacewa da yawancin malamai, don yana shiga ko wace kwamfuta, ana kuma sa shi a jaka. Sai dai a cikin wannan iri ne algus ya fi yawa. 'Yan ƙananan nan masu araha da aka buga wa 7.1 a jiki, hanya biyu kaɗai su ke fitarwa, sau da yawa ma ba su kai na cikin kwamfuta tsabtar murya ba. Araha ba ta ado.

Abu biyu ya kamata a sani kafin a ciro kuɗi. Na ɗaya, hedifon mai Bluetooth da mai wayar USB ko wanne da katinsa a cikin cikinsa, wanda ya saya musu wani kati ya yi asara, don sautin ba zai bi ta kansa ba. Na biyu, ko wane hedifon yana da nauyin ja, ana auna shi da ma'aunin da a ke kira om. Na wayar hannu ya kan tsaya tsakanin om 16 da 32, ko wane kati zai ja shi. Amma akwai na ƙwararru irin Sennheiser HD 600 mai om 300, wanda in ka ɗora wa ƙaramin kati sai ka ji murya ƙasa ƙasa ba kuzari, kamar an ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi. Irin wannan shi ke bukatar kati mai amfilifaya ta kirki.

KEWAYE NA GASKIYA DA NA DABARA

Waɗanda su ka ga majigin da a ke yawo da shi a mota za su tuna murya daga wuri ɗaya ta ke fitowa. Amma tunanin raba sauti biyu ya daɗe. A 1881 Clément Ader ya ja wayoyi daga gidan waƙa na birnin Faris, masu sauraro su ka riƙa kara abin ji ɗaya a ko wane kunne. A 1931 Alan Blumlein na Ingila ya yi rajistar dabarar sitiriyo. A 1940 aka nuna fim ɗin Fantasia a Amurka da lasifiku masu yawa. Daga baya aka daidaita a kan tsarin 5.1, watau lasifika uku a gaba, biyu a gefe wajen baya, ɗaya kuma ta sauti mai kauri. In an ce 7.1 an ƙara biyu ke nan a baya. A 2012 kamfanin Dolby ya kawo tsarin Atmos, wanda ya ƙara har da na saman rufi.

Wannan shi ne kewaye na gaskiya, don abin da ka ji a bayanka daga bayan ya fito, kunnenka ne kuma ya yi aikinsa. Hedifon fa? Lasifika biyu ce manne da kai. Kunnen hagu ba ya jin abin da aka ba na dama, sauti ba ya zuwa ta gaba ko ta baya balle fatar kunne ta bambanta su, ɗaki ba ya amsawa, in ka juya kai kuma duk makaɗan su juya tare da kai. Shi ya sa a ke jin mawaƙi kamar a tsakiyar ƙoƙon kai ya ke zaune.

Ga dabarar da masana su ka yi. Su kan ƙera kan mutum-mutumi mai kunnuwa kamar na mutum, irin KU 100 na kamfanin Neumann na Jamus, su sa makirfo a ko wane kunne, ko kuwa su zaunar da mutum na gaske su sa masa. Sai a shiga ɗakin da aka yi wa bango mai shanye amsa-kuwwa, a riƙa sakin sauti daga wurare masu yawa, gaba da baya, sama da ƙasa, ana rubuta yadda ya canja kafin ya isa ko wane kunne. Abin da aka tara ya zama jadawali. In fim ya ce ga doki nan tafe daga baya ta hagu, sai kwamfuta ta duba jadawalin kamar yadda akawu ke duba littafin lissafi, ta jinkirta wa kunnen dama kaɗan, ta rage masa ƙarfi, ta canja launin sautin yadda fatar kunne za ta canja shi, ta ɗan ƙara amsa-kuwwar ɗaki. In lissafi ya yi daidai ƙwaƙwalwa ta kan yarda, har mutum ya waiwaya.

Waɗansu kamfanoni sun gwada wata hanya, su ka cusa lasifiku da yawa cikin hedifon ɗaya. Razer Tiamat na 2012 guda 10 gare shi, biyar a ko wane gefe. Amma da ya ke duk a bakin kunne su ke cunkushe, abin bai kori lissafi daga kasuwa ba. Mafi yawan hedifon da a ke rubuta wa 7.1 yau lasifika biyu ce a ciki, sauran duk aikin manhaja ne.

KO WANE GIDA DA HANNUN TUWONSA

Cikin shekarun 1990 kamfanin Aureal na Amurka ya yi suna da tsarinsa A3D, wanda asalinsa ya taɓo binciken da aka yi wa hukumar sararin samaniya ta NASA. Shari'a ta haɗa shi da Creative, ya ci shari'ar amma kuɗinta ya karya shi, a shekarar 2000 abokin shari'ar tasa ya saye kayansa. A 1998 aka fito da Dolby Headphone, wanda wani kamfani na Ostireliya ya ƙirƙira. Shi wannan ɗaki ya ke kwaikwaya, har iri uku, ƙarami da matsakaici da babba, sabo da haka yana fitar da sauti waje da kai sosai, ya dace da fim, amma waɗansu su kan ce amsa-kuwwarsa ta yi yawa. Creative kuwa ya kawo CMSS-3D, daga baya SBX. Masu wasannin kwamfuta da yawa sun fi son waɗannan don nuna wuri daidai ba yawan amsa-kuwwa, ko da ya ke su kan taɓa ɗanɗanon muryar.

A da can katin ne da kansa ke yin wannan lissafi, shi ya sa ya ke da daraja. Amma da Windows Vista ta fito a farkon 2007 sai ta toshe hanyar da wasanni ke bi su yi magana da katin kai tsaye, ga shi kuma kwamfutoci sun yi ƙarfin da lissafin bai zame musu kome ba. Tun daga nan aikin ya riƙa komawa hannun manhaja. A 2017 kamfanin Microsoft ya sa Windows Sonic cikin Windows 10 kyauta, yana nan kuma cikin Windows 11, yana aiki da ko wane kati da ko wane hedifon. Kusa da shi akwai Dolby Atmos na hedifon da DTS Headphone:X, su na saye ne, amma a kan ba da kwanakin gwaji. Watau ke nan malamin da ke da Windows ya riga ya mallaki sautin kewaye, sai dai ko bai kunna ba.

DALILIN DA YA SA BA A JITUWA

In ka tara mutum biyar ka ba su tsari ɗaya, wani zai rantse ya ji abu a bayansa, wani ya ce shi a saman kansa ya ji, wani ya ce bai ji kome ba sai murya ta zama kamar daga cikin tulu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Jadawalin da kamfani ya yi aiki da shi na wani kunne ne, ko na mutum-mutumi, ko matsakaicin kunnuwan mutane da yawa. Wanda kunnensa ya yi kusa da wannan zai yaba, wanda nasa ya yi nisa zai kushe. Kamar takalmi ne, kome kyansa in ba ƙafarka aka auna ba sai ya matse ka.

An tabbatar da wannan a birnin Nijmegen na ƙasar Holan, aka buga sakamakon a 1998. Masu bincike sun liƙa wa mutane wani abu a fatar kunne ya canja siffarta, nan da nan su ka kasa bambanta sama da ƙasa. Da su ka yi 'yan makonni da shi sai ƙwaƙwalwa ta koyi sabon kunnen, da aka cire kuma ba su manta na asali ba. Darasi biyu ke nan. Siffar kunne ita ce mabuɗi, sa'an nan sabo yana da tasiri, kada mutum ya yanke wa tsari hukunci cikin minti ɗaya.

Sabo da wannan ne kamfanoni su ka koma auna kunnen mai saye. A 2018 Creative ya nuna Super X-Fi, inda a ke ɗaukar hoton kunnuwa da fuska da wayar hannu a ɗinka wa mutum jadawalinsa. Sony ma yana da irin wannan. Apple kuwa a 2020 ya sa wa AirPods Pro abin da ke lura da juyawar kai, yadda in ka waiwaya sautin zai tsaya inda ya ke, watau an maido da alama ta biyar, a 2022 kuma ya ƙara da auna kunne da kyamara. Hoto bai kai awon ɗakin bincike ba, amma hanyar da aka dosa ke nan.

ABIN DA KA ZUBA SHI ZA KA KWASA

Akwai wani sharaɗi da mai kanti ba safai ya kan faɗa ba. Lissafin nan ba ya aiki sosai sai abin da aka ba shi tun asali an yi shi da hanyoyi masu yawa, kamar manyan finafinai da wasannin kwamfuta. Faya-fayan garmaho na da hanya ɗaya ce tak. Galibin waƙoƙin Hausa na zamani da finafinan Kano, da mafi yawan abin da ke YouTube, hanya biyu ce. In ka kunna wa kalangun Alhaji Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos sautin kewaye, ba inda za a samo gaba da baya, sai dai a shimfiɗa musu amsa-kuwwa su zama kamar a cikin rijiya a ke kiɗan. Haka karatu da lacca da labarai da taron da a ke yi ta intanet, duk abin da murya ce zalla, a kashe kewaye ya fi, kalma ta fita tsaf.

Masu haɗa sauti a situdiyoyin Kano, waɗanda sana'arsu ta bunƙasa tare da finafinan Hausa tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990, su ma kewayen dabara ba abokin aikinsu ba ne, don zai sa su gyara aibin da babu shi. Abin da su ke bukata shi ne akwatin ɗaukar murya mai tsabta, irin dangin Focusrite Scarlett, wanda ke karɓar babban makirfo. Malamin da ke son ɗaukar darasi ya aika wa ɗalibai, shi ma makirfo mai kyau da ɗaki mai shiru sun fi masa 7.1 amfani.

SHAWARA GA MAI SAYE

Kada a sayi sirdin azurfa a ɗora wa gurgun doki. Mafi yawan kuɗin a sa shi a hedifon, gama shi ne ya fi kome canja abin da za ka ji. Mai buɗaɗɗen baya ya fi ba da faɗin wuri, amma yana shigo da ƙarar janareto da ta adaidaita-sahu, na kusa da kai kuma zai ji abin da ka ke ji. Mai rufaffen baya ya fi dacewa da ofis da gidan yawa, sai dai yana sa gumi da bazara. Bayan hedifon, a gwada katin da ke cikin kwamfuta da Windows Sonic na kyauta. Sai in an ji hayaniya, ko murya ta kasa ƙarfi, ko ana bukatar kafar makirfo mai kyau, sa'an nan a nemi kati na waje. In an ji zuu, a fara zare caja a saurara. In ya ɗauke, laifin wutar ne ko cajar, mai yiwuwa sabon kati ba zai warkar ba. In kuwa ƙarar ƙaras-ƙaras ce, a duba ko ƙurar hunturu ce ta cika kafar.

Ba a cinikin biri a sama. Ka tafi kanti da abin da kunnenka ya saba da shi, da kuma guntun fim mai hanyoyi da yawa. Ka rufe ido, abokinka ya riƙa kunnawa yana kashewa ba tare da ya gaya maka ba. Ku daidaita ƙarfin murya, don abin da ya fi ƙara kullum ya kan yi kamar ya fi daɗi, masu talla kuwa sun san haka. Ka tambayi kanka abu uku: na bambanta gaba da baya? Sautin ya fita daga cikin kaina? Muryar mutum tana nan kamar ta mutum? Kada kuma a kunna kewaye biyu a lokaci ɗaya, na kati da na Windows, ko na Windows da na cikin wasa, gama lissafi a kan lissafi ɓata miya ne.

Sauran magana ɗaya wadda ta fi duk waɗannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji sabo da sauraro da ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, in an ƙara desibel 3 kuwa sai a raba lokacin biyu. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne masu karɓar sauti in sun mutu ba su sake tsirowa. Wanda ya cire hedifon ya ji kunnensa yana kuka, an yi masa gargaɗi ke nan. Malamai su ja kunnen ɗalibai a kan wannan, don kati yana da kasuwa, kunne kuwa ba a sayar da shi a Kurmi.

ABIN DA YA KAMATA MU AJIYE

Daga ƙarshe, wannan ilmi yana da wani amfani ga birnin Kano wanda ya wuce fim da wasa. In aka sa ƙananan makirfo biyu a kunnuwan mutum ko na mutum-mutumi aka ɗauki sauti, alamun nan za su shiga cikin ɗaukar da kansu, duk mai hedifon zai ji su ba tare da kati mai tsada ba, ba tare da ya kunna wata manhaja ba. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Hotunansa sun cika duniya, amma hoto rabin labari ne. Sauran rabin yana kunne: kakaki ta gaba, bindigogi ta gefe, tambura da kuge, guɗar mata daga kan soraye, da rugugin kofatai sa'ad da mahaya su ka sako jahi a Ƙofar Kudu ran Hawan Daushe. Haka bugun Ƙofar Mata, da hayaniyar Kurmi, da kukan shirwa a kan Dala.

Da makarantunmu da Jami'ar Bayero da gidan tarihi na Gidan Makama za su ɗauki wannan aiki, da yaron da za a haifa nan da shekara 50 zai kifa hedifon ya tsaya inda kakansa ya tsaya, ya ji abin da ya ji. An ce kunne ya girmi kaka. To, ga hanya ta samu da za a ba shi abin da zai riƙe. Allah ya kiyaye mana jinmu, ya sa mu yi ciniki da basira, amin.